Abin da Kyamarata Ta Tona a Filinge

Zuwa ga ɗiyata Rakiya, wadda bakina ba ya iya kira sai da Uwani, saboda sunan mahaifiyata da take ɗauke da shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Yamai lafiya, kin tarar da gwaggonki Hamsatu da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Filinge lafiya lau muke, sai kewarki. Allah ya tsare ki a sauran tafiyar da ke gabanki har ƙasar Gana, ya kare ki daga sharrin hanya da na masu tare hanya, ya haɗa ki da masu tsoronsa a duk inda kika sauke jakarki.

Na san za ki ce me ya hana Baba ya aiko mini da murya ta waya kamar kowa. Na gwada. In na fara sai tari ya katse ni, in tarin ya lafa sai innarki ta leƙo tana tambayar da wa nake magana. Shi ya sa na nemi takarda da alƙalami. Direban motar Yamai zai kawo miki ita kafin ki tashi.

Ran da za ki tafi, kina ɗaure kaya, innarki ta tambaye ki wane irin aiki ne wannan na jarida da sai an je wata ƙasa an koyo Ingilishi kafin a yi shi. Kika fara yi mata bayani, kika rasa Hausar abin da kike nufi, sai kika faɗi wata kalma ta Ingilishi, kika ce aikin ɗan jarida shi ne ya yi “expose”. Na yi dariya. Kika juyo kika ce, “Baba, mi ya ba ka dariya?” Na ce na san kalmar nan tun ba a haife ki ba. Kika ce ai rikita ta nake da “exposé” ta Faransanci, wadda kuke yi a lise, ɗalibi ya tsaya gaban aji ya yi bayani. Ban yi miki gardama ba, don mota tana ta oda a ƙofar gida. To, ba rikitawa nake ba, Uwani. Ingilishin da na taɓa ji ya zube duka, amma wannan kalma ta zauna, domin ban koye ta a aji ba. Ga yadda na koye ta.

Shekarar da soja suka karɓi mulki a ƙasar nan ina saurayi. Fari ya cinye mana gona, sai na bi samarin Kurfai masu tafiya Kurmi cin rani. A Kumasi na fara dako a bakin kasuwa. Kusa da inda muke sauke kaya akwai shagon hoto na wani dattijo da kowa ke kira Masta Kwaku. Duk lokacin da na sami sarari sai in tsaya a ƙofarsa ina kallon hotunan da ya jera cikin gilashi. Abin yana ɗaure mini kai. Ta ina mutum ke shiga cikin akwatin nan, ta ina kuma yake fitowa a kan takarda? Wata rana ya fito, ya ce mini da Hausarsa ta zango, “Kai, kallo kake so ko aiki?” Na ce aiki. Ya miƙo mini tsintsiya.

Ban daɗe da fara shara ba, wata tsohuwa mai sayar da atamfa ta aiko a kira Masta. Autanta zai hau jirgin ruwa ya tafi ƙasar Turawa, dangi sun taru, tana so a ɗauke su tare. Masta ya je ya ɗauka, ya dawo ya ajiye kyamarar a kan tebur, ya tafi cin abinci. Ni kaɗai a shago, ga akwatin a gabana, ga mutane cike da shi. Na ɗauke shi na fito bakin ƙofa inda rana ta fi haske don in gani sosai, na lalubo ɗan ƙarfen da ke bayansa na ja. Ya buɗe. Ban ga kowa ba, sai wani zare mai faɗi, ruwan ƙasa, a naɗe. Na rufe na mayar, har ina jin haushin an yaudare ni.

Washegari Masta ya shiga ɗakin duhu ya wanke fim ɗin, ya fito da shi baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe. Ya ce wa ya taɓa kyamara? Na ce ni ne. Ya dafe kai, yana ta maimaita magana ɗaya da Ingilishi, kalmar nan taki a tsakiyarta. Da ya huce ya ce da Hausa, “Ka nuna wa fim rana. Rana ta cinye mutanen.”

Bai doke ni ba, bai kore ni ba. Ya ce in sa takalmi in biyo shi. Muka je gidan tsohuwar, ya tsayar da ni gabanta, ya ce in faɗa da bakina, shi zai fassara. Ɗan nata ya riga ya tafi tun da safe. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce a tambaye ni me nake nema a ciki. Na ce mutanen nake so in gani. Ta ce, “Ka gan su?” Na ce a’a. Ta ce, “To, ni ma yanzu ba zan gan su ba.” Ta juya ta ci gaba da ninke atamfarta.

Uwani, son sanin abin da ke cikin rufaffen abu a jininmu yake. Ke ce kina ’yar ƙarama kika farke rediyon kakanki kina neman mutumin da ke magana. Ban hana ki wannan hali ba, ba kuma zan hana ki yanzu ba, don da shi za ki ci abinci. Amma in abin na wani ne, ki tambayi wanda ya san kansa kafin ki sa hannu. Da na ce wa Masta ina so in gani, da ya kai ni ɗakin duhu ya nuna mini, kamar yadda ya yi daga baya ba tare da wata wahala ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo ne bayan wasu watanni, da ya fara koya mini ɗauka. Ya tsayar da ni bayan kyamara, ya sa yatsana a kan maɓalli, ya ce in yi wa fim ɗin “expose”. Na janye hannuna kamar na taɓa wuta. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai duk hoton da aka taɓa ɗauka a duniya da haka aka ɗauke shi. In ka danna, idon kyamara ya buɗe kamar ƙiftawa, haske ya shiga ya taɓa fim, ya rufe. Na ce to ai abin da na yi ke nan ran nan. Ya ce ƙwarai, kalmar ɗaya ce, hasken ma ɗaya ne, ni dai na bar ƙofa a hangame. Ya koya mini aunawa. Wanda ke cikin inuwa ana ɗan jima masa, wanda ke tsakar rana ana gaggauta masa, baƙar fuska cikin farar riga kuma tana da nata lissafin, in ba haka ba rigar ta fito mai rigar ya ɓace.

Daga nan sai kunnena ya riƙa tsintar kalmar ko’ina. Wayar lantarki ta saɓule a bangon shago, jan ƙarfenta ya fito, Masta ya faɗe ta. Ruwan sama ya kwashe ƙasa a gindin mangwaro, saiwoyi suka bayyana, ya faɗe ta. An kama wani sakataren ƙungiyar ’yan kasuwa yana cin amana, mai sayar da jarida yana yawo yana shelarta. Na ce wa Masta, mu a Hausa kowanne da sunansa. Muna buɗe tukunya, mu tone rogo, mu yaye mayafi, mu shanya hatsi, mu fallasa maƙaryaci. Yaya Turawa suka zuba su duka a kwando ɗaya, ba sa rikicewa? Ya ce, “Suna rikicewa mana. Kai ne za ka duba abin da ke gabanka.” Har yau ina juya wannan abu a raina in na zauna a zaure. In malamanki na can sun san dalilin da ya sa kalma ɗaya ta ɗauki wannan kaya duka, ko suna da wata ma’anar da ban ji ba, ki aiko mini, ina so in sani.

Na dawo gida da tsohuwar kyamara da Masta ya sallame ni da ita. Na kama shago a bakin kasuwa, na sa kafinta ya yi mini akwatin gilashi irin nasa, na rataye a waje. Lokacin soja sun matsa kowa ya yi katin ɗan ƙasa, don haka ran kasuwa ban samun zama. Mutanen ƙauyukan Kurfai, da na wajen Damana masu gaishe ni da “fofo” a yarensu, da Buzayen Abala, duk sun zauna a kan kujerata. Na auri innarki. Sai babbar yunwar nan ta zo, wadda kike jin tsofaffi suna ambata.

Aka kawo hatsin taimako, jar dawa, aka zuba a mangaza, wato ɗakin ajiyar gwamnati da ke bayan kasuwa. Kumandan mai mulkin garin a lokacin, wani soja mai ƙarancin magana, ya aiko in ɗauki hotunan rabo za a aika Yamai. Na je na ɗauka. Da na wanke, guda ɗaya ya fito da kyan da ban taɓa samu ba. Wani dattijo ne a cikin layi, ya ja amawalin rawaninsa har kan hanci, yana riƙe da buhu wayam, haske ya sauka daidai kan idanunsa. Na san ko wane ne. Baba Shekarau ne, mutumin wani ƙauye gabas da gari, wanda kafin farin garkensa ba ya ƙirguwa, kuma ba a taɓa sauke tukunya a gidansa ba baƙo bai ci ba. Kakanki ma ya taɓa karɓar iri a hannunsa. Amma ni a ranar ba Baba Shekarau nake gani ba, aikin hannuna nake gani. Na ƙara wanke babba, na sa a gilashi.

Ran kasuwa mutane suka yi cincirindo a ƙofata, ina ciki ina jin daɗi. Ashe wani tabo da ke kan girarsa suke nunawa, suna kiran sunansa. Bayan la’asar, da kasuwa ta fara watsewa, ya yi sallama ya shigo. Na ba shi kujera, ya ƙi zama.

Ya ce, “Kai na Gado ɗan Arzika?”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ya ce, “Ubanka ya san ƙohwar gidana. Yaro, na ruhe huskata don kada surukaina su gan ni cikin layin ga. Kai kuma ka yaye min, ka rataye ni bakin kasuwa. Mi na yi maka?”

Maimakon in durƙusa, sai na ce, “Baba, ai ba ƙarya na yi ba. Kuma yunwa ba abin kunya ba ce, kowa ta taɓa.”

Ya ce, “Ban ce ƙarya ka yi ba.”

Na fita na ciro hoton na ba shi, har da kilishensa, wato baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa. Ya sa a aljihu ya tafi. Daga ranar bai ƙara zuwa layi ba. Ba shi kaɗai ba, dattawa irinsa da dama suka daina zuwa, don labari ya bazu a ƙauyuka cewa akwai mai hoto a Filinge da ke rataye masu karɓar taimako.

Ki riƙe wannan, ɗiyata. Za a koya miki ki tambayi kanki ko abin da za ki faɗa gaskiya ne, kuma daidai ne a koya miki. Amma bayan kin tabbatar, akwai sauran tambaya: a jikin wa mayafin yake, kuma me ya sa ya lulluɓa? Wani ya lulluɓa don ya cuci jama’a, wani kuwa mayafin ne kaɗai ya rage masa. In kin ɗauki hoton mutum a ranar da ya fi kowace rana rauni, ki nuna masa kafin ki nuna wa duniya. In ya ce a’a, to a’a ɗin ce, ko da hoton ya fi duk wanda kika taɓa ɗauka kyau.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce na tsira da sauƙi.

Mai kula da mangazar sunansa Idi. Tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, da shi har aji shida, masallacinmu ɗaya. Bayan shagona yana kallon ƙofar baya ta mangaza. Wata rana da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa inuwa, na hango amalanken jaki a ƙofar nan. Idi da kansa yana ɗora buhuna, ya rufe su da tsohuwar tabarma, mai jaki ya ja ya bi ta bayan gari. Bayan kwana biyu na sake gani. Na ƙara gani.

Ba zan ɓoye miki ba, har wani daɗi na ji. Maganar Baba Shekarau tana ci mini rai, ina so in nuna wa garin nan cewa kyamarata ba marasa ƙarfi kaɗai take kamawa ba. Na faɗa wa innarki. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, “Ka tambaye shi mana, ba abokinka ba ne?” Na ce wane ɓarawo ne ake tambaya ya amsa? Na laɓe bayan zana na ɗauke shi, fuskarsa tar, buhu a kafaɗa. A wannan karon na auna haskena daidai. Na wanke na kai biron kumandan, wato ofishinsa, da hannuna.

A zamanin nan soja ba sa wasa da wanda aka ce ya taɓa hatsin taimako. Kafin magariba gardawan kumandan, wato dogaransa, sun tafi da Idi. Aka tambaye shi ina buhunan suke zuwa, ya ce ba sata ya yi ba, amma ba zai faɗi inda suka je ba. Aka taɓa lafiyarsa, ya ƙi faɗa. Matarsa ta zo gidanmu. Na ɗauka zagi ta kawo, sai ta wuce ni ta zauna kusa da innarki tana kuka.

Innarki ce ta samo zancen a bakin rijiya, wajen matar mai jakin. Ta dawo ta ajiye tulu, ta ce, “Malam, zauna.” Buhunan nan gidajen dattawan da suka daina zuwa layi ake kai su. Rabonsu ne, ba na kowa ba. Idi ya lura ba sa zuwa, ya san kuma akwai yara a gidajen, sai ya riƙa aika musu a ɓoye, ya rantse musu ba mai ji daga bakinsa. Hotona na farko ne ya kore su daga layi, na biyu kuma ya kama wanda ke bin su da abinci.

Na ruga biron kumandan na faɗa masa. Ya ce, “Ran nan hoto ka kawo mini, yau kuma baki. Wanne zan ɗauka? Ina shaidarka?” Ba ni da ita. Na ari keke na tafi ƙauyen Baba Shekarau, na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya. Wannan karon na durƙusa. Na faɗa masa duk abin da na yi da inda Idi yake. Bai daina tufkar ba har na gama. Ya ce, “Na ji. Tashi ka tahi.” Na hau keke na dawo ban san me na samo ba.

Da hantsi washegari farfajiyar biron tana cike, don ranar rabo ce, mutanen ƙauyuka sun shigo. Sai ga Baba Shekarau a ƙasa, da wasu dattawa a bayansa, kowanne ya ja rawani ya rufe fuska. Suka ratsa taron har gindin tuta. Ya ce a kira masa kumandan. Da kumandan ya fito, sai Baba Shekarau ya sa hannu ya sauke amawalinsa har ƙasan gemu. Ya ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji.

Ya ce, “Kumandan, dube ni da kyau. Ni na Shekarau. Hatsin da kuka nema gidana ya tahi, jikokina sunka ci shi. Ba ni da saniya ko guda, ba ni da zangarniya ko guda cikin rumbu. Kunya ta hana ni zuwa, yaron ga ya ruhe min asiri. In sata ta, ga cikin da ya ci, a ɗamre shi.”

Na kusa da shi ma ya sauke nasa, ya faɗi sunansa da na ƙauyensa. Haka suka yi ɗaya bayan ɗaya. Surukan da yake ɓuya dominsu suna cikin taron, na ga babbansu ya sunkuyar da kai. Kyamara tana rataye a wuyana, don na saba ba na fita sai da ita. Sakataren kumandan ya taɓa ni ya ce in ɗauka. Ban ɗauka ba.

Ina tsaye a wurin wata magana ta matar Masta ta faɗo mini. Ta taɓa samuna da damina ina kwance a barandar shago ba riga, ta yi ta faɗa, da kalmar nan dai, wai ina ba sanyi ƙirjina. Ashe ana faɗinta ga wanda ya tsaya ba kariya a gaban abin da zai cutar da shi. Ni sakaci ne ya sa na yi nawa. Dattawan nan kuwa sun san abin da ke jiransu, suka taho a ƙasa tun daga ƙauye don su tsaya a gabansa. Wannan ma’anar ba a yi wa wani ita, mutum shi ke yi wa kansa. Ban san ko tana cikin littattafanku ba.

Aka saki Idi a ranar. Amma kumandan ya ce ya yi gaban kansa ba da izini ba, don haka aka karɓe makullan mangaza daga hannunsa. Daga baya aka tsara masu unguwa su riƙa karɓar wa tsofaffi rabonsu, wanda da ma abin da Idi ke yi ke nan. Ya koma ƙauyensu ya kama noma. Kunnensa na hagu bai ƙara ji sosai ba. Na je neman gafara, ya amsa sallamata, ya ba ni ruwa, ya yi mini zancen damina har na gaji na tashi.

Kada ki ɗauka ina ce miki ki ga ɓarna ki kau da kai. An yi satar hatsi ta gaske a shekarun nan, a wurare da dama, kuma da an sami mai tona ta da wasu yaran ba su mutu ba. Ni kaina bayan abin Idi tsoro ya shige ni, na koma hoton katin ɗan ƙasa da na suna da na biki. Ko bayan da mulki ya koma hannun farar hula, aka sami bakin magana, na ga abubuwan da ya kamata a ɗauka na bar kyamara a jaka. Wannan ma ba daidai ba ne, kada ki gaje shi. In kin tabbata azzalumi ne, ki tona shi, Allah yana tare da ke. Tabbatarwar ce aikin, kuma ta fi ɗaukar hoto wuya nesa ba kusa ba. Ki kuma binciki zuciyarki in kika ji tana zumuɗi. Ranar da na laɓe bayan zana, ba yaran da ke jin yunwa nake tunawa ba, sunana nake so in wanke.

Shekaru suka wuce, kin ma fara tafiya lokacin. Wata safiya sai ga Idi a ƙofar shago da farar riga. Ɗansa da ke aiki a Arlit ya biya masa Makka, yana son hoton fasfo. Akwai wani mai hoto a garin a lokacin, amma wajena ya zo. Na zaunar da shi, na gyara masa hula. Na tsaya ta wajen kunnensa mai ji, na ce, “Idi, da na tambaye ka ran nan kamar yadda uwar Uwani ta ce, da duk wannan bai faru ba.”

Ya girgiza kai. Ya ce, “A’a, Gado. Da ka tambaye ni, ƙarya zan yi maka, don na riga na rantse. Ba nan ka yi kuskure ba.”

Na ce, “To ina?”

Ya ce, “Ka ga inda amalanke ya taso, ba ka ga inda ya sauka ba. Da sai ka bi shi. Jaki na fa, Gado. Ba gudu shika yi ba.”

Ya fashe da dariya, ni ma na yi, har hawaye suka zubo mini, ban san na wanne ba ne. Ya ce in yi sauri in ɗauka kafin hular ta karkace. Da zai fita ya ce ya yafe tun tuni, yana so ne kawai ya faɗa mini kafin ya hau jirgi.

To, Uwani, abin da nake da shi ke nan. Duk labarin da kika ga farkonsa, ki bi shi a ƙasa har inda ya sauka kafin ki buɗe baki, ko da zai kai ki ƙauyen da mota ba ta zuwa.

In kin isa, ki nemi mutanenmu na zango ki gaishe su, ki faɗa musu ɗiyar wane ce ke. Kada karatu ya hana ki salla a kan lokaci, kada kuma ya hana ki cin abinci, don na san halinki. Innarki ta ce yajin da ta ƙulla miki yana cikin shuɗiyar jaka ta ƙasa, kada ki bari ya jiƙe, ƙasar can ruwa gare ta. Ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaishe mini da gwaggonki da maigidanta.

Allah ya kai ki lafiya, ya buɗa miki abin da kika je nema, ya rufa miki asiri duniya da lahira, ya sa ki zama mai rufa na bayinsa. Ya tsare idonki da harshenki da alƙalaminki daga cutar da wanda bai ci ba bai sha ba. Ya dawo mana da ke muna raye, in kuwa ya ƙaddara ba haka ba, ki sani na yarda da ke, na kuma sa miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
Gado mai hoto, Filinge.